Baƙar Toka a Gonar Gwaggo Hajo

Shekara bakwai ke nan da soja suka koma bariki. Rabin mutanen birnin Kano na tafe da waya manne a kunci kamar masu ciwon haƙori, amma Gambo ba abin da ya dame shi a duniya sai shara. Ba sharar ƙofar gida ba, wadda ake kaiwa gona. Mutum ne ɗan shekara sittin da 'yan kai, mazaunin Jakara, yana da jaki ɗaya da gona ɗaya, gonar ma ba tasa ba ce.

Ta Gwaggo Hajo ce, ƙanwar mahaifinsa. Gonar tana cikin ganuwa, daf da Ƙofar Dawanau. A da in ka tsaya a wurin ba abin da zai tare maka ido sai karan dawa, yanzu kuwa gidajen bulo sun kewaye ta ta gefe uku, ita kaɗai ta rage. Rabon mahaifin Gambo tuni ya zama gidajen wasu. Rabon Gwaggo ne ya tsira, domin taurin kanta ya fi na dillalai. Mahaifin Gambo ya nome mata ita har ya bar duniya, Gambo ya ɗora daga inda ya tsaya. Kowace kaka yakan kai mata nata geron, sauran ya ci da iyalinsa. In aka raba shi da gonar nan bai san abin da zai tashi ya yi da safe ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa haka ba.

Mai son a raba shi da ita yana nan, wato Alhaji Haruna, ɗan Gwaggo. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Taubashin Gambo ne, tare suka tashi, har yau in sun haɗu sai sun tsokani juna. Sai dai shi in ya dubi gonar fulotai yake gani. Da ranin shekarar ya sake tayar da maganar a ɗakin tsohuwar, Gambo na zaune a bakin ƙofa.

“Inna, wannan bawan nawa ya tsufa,” in ji Haruna, yana nuna Gambo da makullin mota. “Shi da jakinsa ban san wanda zai riga faɗuwa ba. A yanka wurin nan kowa ya huta.”

“Jakin ya fi motarka lafiya,” in ji Gambo. “Ba a taɓa tura shi ba.”

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta haura tamanin, idanunta sun yi rauni, amma bakinta na nan daram.

“Haruna, na gaya maka bara, na gaya maka bara waccan. Muddin ina shan furar geron gonar nan, ba mai ja mata igiyar awo. Ranar da ta daina ba ni, ka zo, ba zan hana ka ba.”

Haruna ya ce to. Gambo ya fito yana jin daɗi a fuska, a ciki kuwa hankalinsa ba a kwance yake ba, domin shi ya san abin da su biyun ba su sani ba. Gonar ta gaji. Geron bara da kyar ya kai rabin na shekarun baya, zangarniyar ma duk sirara.

Ƙasar wajen nan ba ta taɓa hutawa ba, tun kakanni ake nome ta kowace damina. Abin da ya riƙe ta shi ne birni. Da rani ya kama, masu jakuna sukan bi gida-gida, mata su fito musu da abin da suka tara a bayan ɗaki: tokar murhu, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, rubabbiyar ƙasar tsohon soro. A cika mangala, buhun nan mai baki biyu da ake ɗora wa jaki, a kai gona a zube tsibi-tsibi, in hadari ya fara haɗuwa a baje. Da kaka kuma a kawo wa matan kara na hura wuta da ɗan abin fura. Birni ya ci gona, gona ta ci birni, haka aka yi ta yi ba wanda ya taɓa zama ya rubuta shi.

Mahaifin Gambo ya koya masa yadda ake gane taki. Ka cusa hannu cikin tsibin, ka damƙo. Ya zama baƙi, ya yi laushi, ka ji nauyinsa a tafin hannu. In ka tona kuma ka ga gwazarma, farar tsutsar nan mai ƙiba, tana murɗawa a ciki, to ka samu, ka cika mangala ka gode wa Allah.

To, yanzu je ka ka cusa hannu a jujin birni ka gani. Leda ce za ta fara gaishe ka, baƙa da fara, sai ledar ruwa, sai katin waya da aka kankare aka yar, ɗaruruwa, masu kala-kala. Sai batir ɗin waya da ya kumbura, sai guntun caja. Matan da suke kiwon awaki sun ragu, rabinsu sun koma risho, toka ta yi wuya. Gambo yakan kai mangala gona ya juye, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya yi ta tsince ledar nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Kafin la'asar abin da zai rage bai kai rabi ba, bayansa kuwa ya ƙage, sai ya dafa jaki yake iya miƙewa. Ya yi wata biyu a haka, bai rufe ko kashi ɗaya cikin uku na gonar ba. Gaskiya ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

A cikin wannan hali Lawal ya tare shi. Lawal maƙwabcinsa ne a Jakara, magidanci ɗan wajen shekara arba'in, da can gyaran rediyo yake yi. Da rediyo ta daina ciyar da mutum sai ya koma can bayan Ƙofar Ruwa, cikin masu kayan gwangwan. Ana kawo masa matattun kwamfutoci da wayoyi da tarin igiyoyin lantarki a buhuna, waɗanda aka gama da su a wasu ƙasashe. Mai gyaruwa ya gyara ya sayar. Wanda ba ya gyaruwa kuma a tara a banka masa wuta, roba ta ƙone, a tsince jan ƙarfen da ke ciki.

“Baba Gambo, na ga kana shan wahalar shara,” in ji Lawal bayan sun idar da sallar azahar. “Ni kuwa toka ce ta hana ni sakat. Ta shekara biyu tana nan jibge a bayan rumfata, har ta tare mini hanya. In kana so ka zo ka kwashe, ka taimake ni.”

“Tokar mece ce?”

“Toka dai, Baba. Abin da wuta ta ci. Ba leda ko ɗaya, wuta ta gama da ita.”

Maganar nan ta ba leda ita ta kai Gambo Ƙofar Ruwa washegari da hantsi. Ya tarar da tsibin ya kusa kai masa ƙirji. Rana da ruwan damina biyu sun bi ta kansa, warin ya lafa. Ya naɗe hannun riga ya cusa. Baƙa ce wuluk, bai taɓa ganin toka mai baƙinta ba. Ga laushi kamar garin tuwo. Ya damƙo ya auna a tafin hannu, ta fi kowane taki da ya sani nauyi. Abu uku cikin huɗu ke nan.

Ya tona nan, ya tona can, ya sake tonawa har gwiwar hannu. Ba gwazarma. Ba gara, ba tururuwa, ko ciyawa ɗaya ba ta fito a gefen tsibin ba, alhali juji ko na bara ne sai ka ga zaƙi-banza ta tsiro a kai. Ya lura da wannan, kada wani ya ce bai lura ba. Ya tsaya jim yana kallon hannunsa. Sai ya tuna da zaman tsintar leda, ya ji bayansa ya amsa, ya ce a ransa ai toka zalla ce, me tsutsa za ta ci a ciki? Ya jawo jaki.

Kwana goma sha ɗaya yana jigila tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau. Jakin ya riƙa atishawa, shi kuma in ya kaki majina baƙa take fitowa, bai kula ba. Ya rufe duk inda bai samu taki ba, ya fi zubawa a tsakiya, inda ƙasar ta fi kyau, domin a nan yake sa ran geron Gwaggo. Wani mai lambu da ya wuce ya tsaya yana sha'awa, ya tambaye shi inda ya samo taki haka. Gambo ya yi murmushi ya ce Allah ne ya ba shi, bai faɗi wurin ba. Daga baya ya gode wa Allah da wannan rowar, ita kaɗai ce abin kirkin da ya yi a ranin.

Ruwa ya sauka a kan kari. Ya yi shuka, gero ya tsiro layi-layi, ya yi sati biyu yana ba shi sha'awa. Daga nan ya tsaya. Yabanyar maƙwabta can bayan ganuwa ta kai gwiwa, tasa tana nan a idon sawu. Ganyen ya fara rawaya daga baki, ya koma ja-ja, ya nannaɗe. Ya ce ko ruwa ne ya yi yawa. Ya ce ko iri ne. Ya sake shuka a guraben da suka mutu, wannan karon ma ko sati biyun ba a yi ba. Wata safiya ya tumɓuke guda ɗaya ya duba, ya ga saiwar gajera ce, baƙa, ta dunƙule wuri ɗaya ta ƙi shiga ƙasa. Ya sa fartanya ya tona rami a tsakiyar gona, a cikin damina, ƙasa jiƙe sharkaf, bai ga tana ko ɗaya ba. Gefen da ya zuba sharar da ya tsince da hannu ne kaɗai ya yi kore, shi ma ruwa yana gangaro masa da baƙin daga tsakiya.

Akwai wani Malam Salihu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, suna sallah a masallaci ɗaya. Gambo ya daɗe yana kauce masa, don ba ya son a gaya masa abin da ya riga ya fara zargi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya kai shi. Malam Salihu ya zagaya gonar, ya tsuguna ya murza ƙasar a yatsa, ya tsinto wani ɗan guntun abu kore mai layukan ƙarfe a jiki.

“Malam Gambo, daga ina ka kawo wannan?”

Gambo ya gaya masa duka, har da maganar gwazarma. Malam Salihu bai yi masa faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ɗebi ƙasa a leda uku, daga tsakiya da gefe da gefe, ya ce yana da wani tsohon abokin aiki a jami'a mai na'urar dubawa. Aka yi wata biyu ba labari. Gero na gefe ya yi ƙoƙari ya fid da kai, ya nuna, Gambo ya yanka ya samu dami uku. A gonar da take cika rumbu, dami uku. Amma ya ɗaure su da kyau, domin dami uku sun isa furar tsohuwa ɗaya ta shekara, kuma ba ta ce sai gero mai yawa ba.

A ranar da ya yi niyyar kai mata, Malam Salihu ya same shi a gona.

“Sakamako ya fito,” in ji shi. “Dalma ce a ƙasar nan, da jan ƙarfe, da wasu abubuwan da ban san sunansu da Hausa ba. Abin da ake haɗa kayan waya da kwamfuta da shi ne. Wuta ba ta cinye su, robar kawai take ci ta bar su.”

“To in na kawo taki mai kyau baɗi? Na gaske, mai yawa?”

“Ba yunwa ce ke damunta ba, Malam Gambo. Abin ya shiga jikinta. Ruwa ba ya wanke shi, ba ya ruɓewa.”

“Har yaushe?”

“Ni da kai dai ba za mu gani ba.” Ya dubi dammunan da ke jingine. “Waɗannan ma ban yarda da su ba. Gefen da suka fito ya sha. Ba lallai mutum ya ci ya faɗi nan take ba, a hankali yake taruwa a jiki. Ni dai ba zan ba wanda nake so ba, balle tsoho ko yaro.”

Bayan ya tafi Gambo ya zauna a kan kunya ya daɗe. Ba wanda ya san sakamakon nan sai shi da Malam Salihu, shi kuwa ba mai yawan magana ba ne. Gwaggo ta haura tamanin, abin da ke taruwa a hankali yaushe zai cim mata? Ya yi wannan tunanin, ya ji kunyar kansa, ya kuma sake yin sa. Ya yi tunanin kasuwar Dawanau ma, ga ta nan ba nisa, ya auno gero ya kai mata a ce na gona ne. Bana ta wuce. Baɗi fa? Ya zo ya yi ta huɗa a matacciyar ƙasa don mutane su gani, yana ciyar da ƙanwar ubansa ƙarya har ta mutu? Dammunan kansu sun zame masa kaya. Ba ya iya ci, ba ya iya bayarwa sadaka, ba ya iya ba jaki. In ya ƙone su kuma toka za su zama, wani ya zo ya kwasa. A ƙarshe ya haƙa rami a tsakiyar gonar ya binne su, ya bi da ƙafa ya daddanne.

Ya bi ta Ƙofar Ruwa ya gaya wa Lawal kada ya sake ba kowa tokar nan. Lawal ya yi salati, ya rantse bai sani ba, Gambo kuma ya yarda da shi. Amma suna maganar hayaƙi na tashi a bayan rumfa, sabon tsibi ya riga ya kai gwiwa.

“To Baba, ina zan kai ta?” in ji Lawal.

Gambo ya wuce.

Ya sami Gwaggo bayan la'asar a tsakar gida, a kan tabarma, tana jan carbi. Ta ji sallamarsa, ta kasa kunne.

“Ban ji jaki ba.”

“Ban zo da shi ba, Gwaggo.”

“Kowa ya kai gero gida. Ina nawa?”

Ya durƙusa a gefen tabarmar. Tun daga Jakara yake shirya yadda zai faɗa, da ruwa ya yi yawa, da zamani ya lalace, da kayan da ake kawo mana daga waje. Da ya buɗe baki duk suka gudu.

“Babu, Gwaggo. An samu dami uku, na binne su. Guba ce a ciki. Na kwaso wata toka ta kayan waya na zuba, na ɗauka taki ne, ashe ba taki ba ne. Ƙasar ta mutu.”

Carbin ya tsaya a hannunta.

“Ka cusa hannu?”

“Na cusa.”

“Yayana ya koya maka. A gabana ya koya maka.”

“Ya koya mini. Na duba ban ga tsutsa ba, na kwasa duk da haka. Na gaji ne, Gwaggo.”

Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ya so a ce ta yi ɗaya daga ciki.

“Baɗi fa?” in ji ta.

“Malamin gona ya ce ba a zamaninmu ba.”

“Da ka kawo mini dami ukun nan da na sha,” in ji ta. “Ba zan gane ba.”

“Na sani.”

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ci gaba da jan carbi, ƙwaya biyu, uku, sannan ta sake tsayawa.

“Na yi wa Haruna magana a gabanka, ba zan tashe ta ba. Ka biya ta gidansa ka ce ina nemansa. Kuma ka gaya masa abin da ke cikin ƙasar, wanda zai saya ya sani, kada a haƙa rijiya a wurin.”

“To, Gwaggo.”

Ya dafa ƙasa zai tashi, ta miƙo hannu ta laluba ta kama bakin rigarsa.

“Ranar awo ka je da wuri. Haruna bai san iyaka ba, bai taɓa sani ba. Duk duniya yanzu kai kaɗai ka san inda ta fara da inda ta ƙare. Kai za ka shiga gaba, su bi ka da igiyar.”